Inda Ajaminmu Yake Ɓacewa a Fihirisa

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar wani babban ɗakin karatu, ko ya ja akwatunan katunan nan na dā, da nufin ya gano waƙoƙin Hausa da magabata suka rubuta da ajami, ya san cewa abin da zai fito masa bai kai rabin abin da ke kwance a cikin ginin ba, alhali kuwa takardun suna nan a kan kanta, ba gara ta ci su ba, ba ɓarawo ya ɗauka ba. Musabbabin wannan shi ne mai yin fihirisa, wanda sau da yawa ba ya jin Hausa, ya ɗaga takarda ya ga baƙaƙen Larabci, sai ya yanke hukunci cewa Larabci ne. In kuwa ya karanta ya ga bai gane ba, sai ya rubuta cewa harshen ba a san shi ba, ya ajiye, ya ɗauki ta gaba. Da wannan layi guda ake binne waƙa da ranta.

Abin da ya sa nake ganin wannan cuta tana da magani shi ne akwai wata al'umma da ta yi fama da irinta tun kafin mu, wato Yahudawa, kuma ina roƙon mai karatu ya jingine maganar siyasar Gabas ta Tsakiya na ɗan lokaci, domin batun da ke gabanmu na tawada da takarda ne. Yahudawa, duk inda suka zauna a doron ƙasa, sukan ɗauki harshen mutanen wurin su rubuta shi da haruffan Ibrananci, kamar yadda kakanninmu suka ɗauki haruffan Alƙur'ani suka rubuta Hausa da Fulatanci da Barbarci. Na gabashin Turai suna da Yidish, wanda tushensa Jamusanci ne. Waɗanda aka kora daga Andalus a 1492 suka tafi da Ladino, wanda tushensa Sifaniyanci ne. Na Farisa suka rubuta Farisanci. Na Masar da Maroko da Yaman da Tarabulus kuwa suka rubuta Larabci da baƙaƙensu. Musa bin Maimun, likita kuma malamin falsafa da ya zauna a Fusɗaɗ, da Larabci ya wallafa Dalalatul Ha'irina a wajen 1190, amma Balaraben da bai koyi waɗancan haruffa ba ko basmala ba zai iya fitarwa daga ciki ba, Bayahuden Turai kuma da ya san haruffan zai furta su sarai bai san abin da bakinsa ke faɗa ba. Ko mu nan Kano ba baƙin wannan jama'a ba ne ƙwarai, domin Saul Raccah, wanda ya yi suna a cinikin gyaɗa a shekarun 1930, Bayahuden Tarabulus ne, a zamanin da Fagge da kewayenta suka cika da Kwarori da fataken Arewacin Afirka bayan isowar jirgin ƙasa.

To, da masu fihirisar waɗancan littattafai suka ga cewa harafi ɗaya yana ɗauke da harsuna da yawa, sai suka kafa ƙa'ida wadda ga alama ƙarama ce, amma ita ce ginshiƙin aikin duka: a rubuta harshe a gurbinsa, a rubuta nau'in harafi a nasa gurbin, kada a bar ɗaya ya tsaya a madadin ɗaya. Aka ba Yidish da Ladino da Larabcin Yahudawa da Farisancinsu kowanne alamarsa a tsarin da manyan ɗakunan karatu ke bi. Aka tsayar da jadawalin mayar da haruffan zuwa boko, har cibiyar YIVO, wadda aka kafa a Vilna a 1925, ta zama abin komawa wajen rubuta Yidish. Sa'an nan, da kwamfuta ta samu ikon ɗaukar rubutun dama zuwa hagu, aka riƙa sa sunan littafi da haruffansa na asali kusa da na bokon. Da irin wannan haƙuri ne aka bi tarkacen takardun nan kusan 193,000 da Solomon Schechter ya kwaso daga ɗakin ajiyar majami'ar Ben Ezra ta Alƙahira zuwa Cambridge a 1897, aka rarrabe wasiƙar ɗan kasuwa da fatawa da takardar aure, har yau ɗalibi yana iya nemo su daga ɗakinsa.

Mu kuwa, dukiyarmu a warwatse take, kuma kowane ma'aji da irin rubutunsa. Akwai na Jami'ar Bayero, akwai na Gidan Ɗan Hausa, akwai na Arewa House da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, akwai na Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Har ma ɗakin karatun Malam Umaru Falke, malami kuma falken Kano da ya rasu a 1962, yana can Jami'ar Northwestern a Amurka da takardu sama da 3,000. Ba na cikin masu zagin waɗanda suka kai su can, domin sun adana, sun kuma yi fihirisa, kuma aikin da John Hunwick ya fitar a 1995 a kan mawallafan wannan yanki har gobe shi ne madogara. Sai dai himmar magabatan masu bincike ta fi karkata ga Larabci, ajami ya zama ɗan rakiya. Ga kuma rikicin suna: wanda ya nemi Usmanu Ɗanfodiyo ba lalle ya ga abin da aka shigar a ƙarƙashin Uthman ibn Fudi ba, wanda ya rubuta Infiraji na Aliyu Namangi da nun ba lalle ya ga wanda aka shigar da mim ba, kwamfuta kuwa ba ta da kara, abin da ka ba ta shi take nema.

Aikin ya fi ƙarfin wanda Larabcin makaranta kaɗai ya sani, kuma a nan ne nake son in dakata. Ajaminmu a kan rasmun Warshu da hannun Magrib aka gina shi: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, wasalin e kuma da ɗigon imala ake nuna shi. Ɗa da tsa suna zaune a kan gida ɗaya, ɗige-ɗige ne ke raba su, ca kuma ta ari gidan sa mai ɗigo uku, wani marubucin ma bai damu ya bambance ba da ɓa ba, ya bar wa mai karatu ya gane daga siyaƙin magana. Shekarar wallafa sau da yawa tana ɓoye a cikin ramzi a baitin ƙarshe, inda ake lissafa haruffa a fitar da hijira. Kuma lissafin abajada na Magrib, wanda shin take dubu a cikinsa, ya saɓa da na Gabas wanda ya ba gain wannan adadi, saboda haka wanda ya ɗauki ma'aunin Masar ya auna waƙar Zazzau zai fitar da shekarar da ba a yi ta ba, ko ya rubuta cewa babu kwanan wata. Abin sha'awa, Yahudawa ma da haruffa suke ɓoye shekarar bugu a bangon littattafansu, kuma masu fihirisarsu dole ne su iya warware ta kafin a ba su aiki.

Masu wannan ilmi suna nan da ransu, kuma da yawansu ba a jami'a suke ba. Ka shiga Kasuwar Kurmi, ko ka bi layin 'yan littattafai a Kasuwar Sabon Gari da waɗanda ke baza haja a bakinta, za ka tarar da dattijo zaune tsakanin Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Ishiriniya, a gefe kuma ga 'yan ƙananan littattafan waƙoƙin wa'azi na ajami, waɗanda aka ɗauki hoton rubutun hannu aka buga a kan takarda mai araha, an ɗinke su da ƙusar waya biyu, babu sunan maɗaba'a, babu shekara. Mai saye ba ya zuwa da sunan mawallafi, yakan ce, "Malam, akwai waƙar nan ta tashin ƙiyama da makafi ke rerawa?", ya ɗan rera farkonta, dattijon ya miƙa hannu ƙarƙashin tari ya zaro ta ba tare da ya duba ba, wani lokaci har ya ƙara da cewa wannan bugun ya tsallake baitoci, a jira na wane. Wannan ita ce fihirisar da muke da ita mafi inganci, kuma a ƙirjin mutum take. Ita kanta hajar ba ta da aminci, domin gobarar da ta tashi a Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna cikin dare ɗaya, kuma bugun kasuwa irin wannan, da yake ɗakunan karatu suna raina shi, in ya ƙone ba inda za a je a ce a ba da kwafi. Jaridar Alfijir ta ajami da kamfanin Triumph ya riƙa bugawa a Kano ma tana cikin wannan hali na buƙatar a tattara, a jera.

Shawarata ga hukumomin jami'o'inmu da ta ɗakunan karatu ta Jihar Kano ita ce su zauna su yi ittifaƙi a kan tsari guda, wanda kowace takarda za ta samu gurbin harshe daban da na harafi, a rubuta sunanta da ajaminta yadda yake sa'an nan da boko bisa daidaitacciyar Hausa, a haɗa duk siffofin sunan mawallafi a ƙarƙashin guda, kuma, tun da mafi yawan waƙoƙinmu da mafarinsu aka san su, a shigar da baitin farko da na ƙarshe da amsa-amo, da sunan wanda ya kwafa in ya sa hannu bayan tammat. Jami'ar Boston ta riga ta ɗauki hotunan dubban shafukan ajami ta sa a intanet, ba sai mun fara daga tushe ba. Abin da ya rage shi ne a ware kuɗi kaɗan a riƙa sayen kowane bugun kasuwa kwafi biyu, a kuma ɗauki alarammomi da malaman zaure da waɗannan dattawa na Kurmi da Sabon Gari aiki na albashi, a zaunar da kowannensu kusa da matashin da ya iya kwamfuta, a kuma rubuta sunansa a jikin fihirisar a matsayin wanda ya tantance.