Shagon Kawu Zai Shiga Takardar Neman Aikin Injiniya?



A ɗakin kwananmu na jami'a mun shafe dare biyu muna gardama a kan layi uku kacal. Wani yayanmu da ke ajin ƙarshe a sashen injiniyan lantarki ne ya zauna rubuta CV, wato takardar da mai neman aiki ke zayyana karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi. Ya rubuta cewa shekara huɗu ke nan duk hutu yana tsare shagon atamfa na kawunsa a Kantin Kwari, sai kuma ya goge. Ya ce, "Ina ruwan kamfanin wuta da atamfa? Dariya kawai za su yi mini."

Wasunmu sun goyi bayansa, kuma suna da hujja. Karatun injiniya a jami'o'in Nijeriya shekara 5 ne. A shekara ta huɗu ɗalibi kan yi wata 6 yana koyon aiki a masana'anta ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973. Ga aikin binciken kammala digiri, ga shekarar hidimar ƙasa tana tafe. Suka ce waɗannan ne mai ɗaukar injiniya zai duba, sauran duk cika takarda ne.

Sai muka tambaye shi me yake yi a shagon. Ashe shi ke riƙe littafin bashi, shi ke ƙirga kaya idan an sauke, shi ke kai ciniki banki, shi ne kuma mai lallashin dillali idan rai ya ɓaci. Nan muka ga inda gizo ke saƙar. Duk 'yan ajinsa sun yi SIWES, duk za su fito da digiri iri ɗaya. Amma su nawa ne aka taɓa damƙa wa dukiya shekara huɗu ba a nemi ko kwabo an rasa ba? Injiniya ba da waya da na'ura kaɗai yake aiki ba. Za a ba shi kayan aiki masu tsada, a haɗa shi da leburori, a yanka masa ranar gamawa. Amana da haƙuri da jama'a ba a rubuta su a takardar digiri.

A ƙarshe ya mayar da layukansa, amma bisa sharaɗi uku. Na farko, karatu da SIWES da aikin bincike su ne a sama, shago a ƙasa. Na biyu, ya faɗi abin da ya yi a zahiri: maimakon "yaron shago", ya rubuta cewa ya riƙe lissafin kaya da na bashi. Na uku, ban da ƙari. Wani cikinmu ya ba shi shawara ya kira kansa manaja, muka ce a'a, ramin ƙarya ƙurarre ne. Tambaya biyu a wurin intabiyu ta isa ta tona asiri. Mun kuma yarda cewa ranar da ya tara ayyukan injiniya har shafi ya cika, shagon zai sauka ya ba su wuri.

Kuna iya cewa ku ko JAMB ba ku rubuta ba, me ya kai ku batun neman aiki? To ai aikin da za ku rubuta gobe, yanzu kuke yin sa. Mai zuwa gyaran waya a Farm Centre bayan an tashi makaranta, mai koyon walda a Panteka, mai taya Umma sayar da kayan miya, mai ɗinki, mai koyar da ƙannenta lissafi da yamma, kada ɗayanku ya ji kunyar abin da yake yi. Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta watan da kuka fara, abin da aka ɗora muku, da abin da kuka koya, domin bayan shekara bakwai ba za ku tuna ba. Ku kuma rabu da mai gidanku lafiya, don wata rana shi za a buga wa waya a tambaya halinku.

Allah ya ba da sa'ar karatu. Sai mako mai zuwa.