Kafin A Harba Bindiga, Baki Ne Ke Fara Kisa

Akwai wani fim na tarihi mai kashi 4 da muke ganin ya kamata kowane magidanci a cikinmu ya nema ya kalla tare da 'ya'yansa da suka mallaki hankali. Sunansa Exterminate All the Brutes, tashar HBO ta Amurka ce ta fitar da shi a 2021. Wanda ya shirya shi, Raoul Peck, ɗan ƙasar Haiti ne da ya yi ƙuruciya a Kwango.

Hujjar Peck ita ce, abin da Hitila ya yi wa Yahudawa ba daga sama ya faɗo ba. Turawa sun daɗe suna aikata irinsa a kan mutanen da suka tarar a nahiyar Amurka, da kuma Kwango ta Sarki Leopold tsakanin 1885 da 1908, inda ake datse hannun mutum saboda roba. A Namibiya, a 1904, Janar von Trotha ya ba da umarnin a ƙare da Herero, aka kora su hamada ƙishirwa ta gama da su. Sai a 2021 Jamus ta yarda cewa kisan ƙare dangi ne. A duk wuraren nan, sai da aka fara cire mutane daga sahun 'yan Adam da baki da alƙalami, aka ce dabbobi ne ko na baya, sannan aka ɗauki bindiga.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Ɗaya daga cikin littattafai 3 da aka gina fim ɗin a kansu na Sven Lindqvist ne, mutumin Suwidin, wanda ya ratso Sahara har Damagaram yana bin sawun wannan ta'asa. Ya kawo labarin Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da suka ƙone Birnin Ƙonni a 1899, waɗanda Sarauniya Mangu ta yi wa turjiya a Lugu. Mu ma nan muna da Satiru, kusa da Sakkwato, da aka shafe a 1906. Abin takaici, akasarin masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne irinmu.

Fim ɗin yana da nasa aibi. Da Turanci yake, yana yawan tsalle daga wannan ƙarni zuwa wancan, kuma wasan kwaikwayon da aka cusa a ciki wani lokaci sai ya rikitar da mai kallo. Amma wannan bai isa ya hana mu ba.

To, me ya dame mu da shi? Mu da ake kira baƙi a garuruwan da aka binne kakanninmu mun san nauyin suna. A Ruwanda, Turawan Beljiyam ne suka sa ƙabila a katin shaida, a 1994 kuma rediyo ya riƙa kiran Tutsi kyankyasai kafin a zaro adduna. Ba mu ce Nijeriya Ruwanda ce ba, Allah Ya kiyaye. Sashe na 41 da na 42 na tsarin mulkin 1999 sun ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, sun kuma hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Sai dai duk ranar da faɗan mutum biyu a kasuwa ya koma "ai haka suke dukansu", to mu lura. Mu kuma duba namu bakin, domin akwai sunayen da muke kiran maƙwabtanmu da su a cikin gida, yara suna ji suna ɗauka.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce a samu majigi a nuna kashi ɗaya kowane mako, a sa wani malami ya riƙa fassarawa da Hausa, a kuma gayyato masu unguwa da matasan maƙwabtanmu su zauna tare da mu. Ƙananan yara a bar su a gida, akwai hotunan da ba su dace da idonsu ba.