Riɗin Magarya a littafin Najeriya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in tofa albarkacin bakina a kan maganar da ake yawan yi mana a rediyo tun da aka fara loda ɗanyen man Nijar a jirgin ruwa, cewa cinikinmu da ƙasashen waje ya miƙe, giɓin da ke tsakanin abin da muke sayarwa da abin da muke sayowa yana raguwa. Ban ƙaryata ba. Ni tsohon malamin lakkol ne, na koyar da lissafi shekara da shekaru a ƙauyukan Magarya da Dungas, kuma tun da na aje alli nake taya ƙanena riƙe littafin shagonsa na wake da riɗi. Saboda haka ba na wasa da lamba. Kukana ɗaya ne: littafin da ake karanto mana daga Yamai bai san hanyar iyaka ta Tinkim ba, bai san ta Maigatari ba, alhali da shi ake yanke hukuncin abin da za mu sayar da wanda ba za mu sayar ba.

Abin da ya shiga littafi kowa ya ji shi. Bututun da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa daga Agadem a jihar Diffa zuwa bakin teku a Seme ta ƙasar Benin ya kusa kilomita 2,000, an gina shi ya ɗauki ganga 90,000 a rana. Da can ganga 20,000 kawai ake haƙowa, ita ce ke zuwa matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram tun 2011. Jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024, rigima da Benin ta tsayar da aikin, aka fasa bututun a watan Yuni, sai a Agusta lodi ya koma. Man ya zo a kan gaɓa, don uraniyum da muka daɗe muna tinƙaho da shi ya ja baya: an rufe mahaƙar COMINAK a 2021, na kamfanin SOMAIR kuma ya rasa hanyar fita tun da aka rufe iyakar Benin.

To amma ganga ba duka tamu ba ce. Rabon gwamnati wajen rubu'i ne, saura kamfani yana fanshe kuɗin da ya zuba, yana kwasar ribarsa zuwa gida. A watan Afrilun 2024 ma, tun jirgin farko bai tashi ba, gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a kan ruwa kashi 7 cikin ɗari, za a biya da mai. Ban ga laifinta ba sosai, an matse ta: takunkumin ƙungiyar CEDEAO na bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da janyewar masu ba da agaji sun sa sai da aka zabtare kashi 40 na kasafin kuɗin 2023. Sai dai duk manomi ya san wannan hali. Wanda ya ci bashi da damina, in kaka ta yi maƙwabta kan ga rumbunsa cike, shi kaɗai ya san damma nawa ne na mai bashi.

Akwai kuma kuɗin dako, wanda ba a cika faɗa ba. Ƙasar da ba ta da teku kowane buhun shinkafa sau biyu take sayensa, ta biya mai shinkafa ta biya mai mota. Tun da gadar Gaya da ke iyakar Benin ta rufu, kayan da ke bi ta Kwatano suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, su yi makonni a hanya kafin su ga Yamai, sannan a sake ɗaukar wata tafiyar ta kusan kilomita 1,000 zuwa wajenmu. Shi ya sa ɗan kasuwar Magarya ba ya ma duban yamma. Kano tana nan kudu, in ya yi asubanci ya dawo ya kwana gida.

Yanzu ga abin da bai shiga littafi ba, kuma man fetur ne ya tona asirin. Shekaru fiye da goma ana gaya mana Nijar ta wadatu da mai, har tana sayar wa maƙwabta. A takarda haka ne. A bakin titi kuwa, daga Dungas zuwa Damagaram, kwalaben 'yan ruwa-ruwa ne ke shayar da babura da injinan ban-ruwa na fadamun Korama, kuma man nan na Najeriya ne, wanda gwamnatin Abuja ke biya wa tallafi a lokacin. Jarka bisa jarka a bayan babur, ta hanyoyin gona, ba wanda ya taɓa ƙidaya shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. A ɓangarenmu kuma gwamnati ta rage lita daga sefa 540 zuwa 499. Riba ta tsere wa mai jarka, yara suka jingine babura, kowa ya koma gidan mai. Sai ga shi a watan Maris na 2025 layuka sun miƙe a gidajen mai ƙasa baki ɗaya, SORAZ ta kasa ɗaukar nauyin, har sai da aka nemi tankoki daga Najeriya. Ashe wadatar da ake faɗa, wani babban kaso nata a bayan baburan yaranmu take tafiya. An fi shekara goma ana shigo da kaya na biliyoyin sefa, littafin shige da fice na ƙasa bai san da zamansu ba. Ranka ya daɗe, in littafi ya yi irin wannan ɓatan kai a kan abin da muke sayowa, me zai sa in amince masa a kan abin da muke sayarwa?

Abin da muke sayarwa kuwa a nan ba sirri ba ne: wake, riɗi, zoɓo, rake, da bisashe. Duk ranar Alhamis je ka Maigatari ka ga shanu da raƙuma da tumaki, ka tambayi dillali daga ina suka fito. Riɗin da ƙanena ke tarawa tiya-tiya daga hannun mata a kasuwannin ƙauye, kasuwar Dawanau ta Kano yake ƙarewa. Can ake tankaɗe shi, a zuba a sabon buhu, a kai Legas, ya hau jirgi zuwa Japan ko Sin ko Turkiyya da sunan riɗin Najeriya. Zoɓo ma haka, har Meziko. Dalar da baƙo ya biya bankin Najeriya take faɗawa. Mu abin da ke dawo mana naira ce, ita ma ba ta kwana: a mayar da ita taki, siminti, kwanon rufi, atamfa, masara, a juyo gida. Ciniki ne cikakke, da fita da shiga, wanda ke ciyar da ɗaya daga cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, amma mafi yawansa bai taɓa gilmawa ta gaban bankin BCEAO ba.

Dalili ke nan da ya sa mu a nan farashin naira ya fi na ganga muhimmanci. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta yi ta gangara, daga wajen 460 a dala ɗaya har ta wuce 1,500 a farkon 2024. A teburin 'yan canji, jika ɗaya ta sefa da ake ba ka naira dubu da 'yan ɗari a kanta ta koma fiye da dubu biyu. Ma'aikacin da ke ɗaukar albashi da sefa ya sami duniya, ya shiga Kano kamar ɗan sarki. Makiyayi da manomi su suka ji a jika. Ka kai sa Maigatari, a ƙirga maka naira har hannu ya gaji, ka zo canji ka tarar kuɗin bai kai na bara ba. Ɗan ci-rani da ya yi rani yana tura kura a Kano ko gadi a Legas, abin da ya aiko wa uwarsa ya zama rabi tun bai iso ba. Wani ɗalibina na da, yanzu magidanci ne da 'ya'ya biyar, ya ce mini: “Malam, da in na yi wata uku a Najeriya ina sayo buhu biyu na hatsi da ɗan akuya. Yanzu ɗan akuyan ya zauna can.” Da yawa irinsa sun juya akala zuwa Libiya da Aljeriya, kuma kowa ya san abin da hamada ke ci.

Wannan ba sabon abu ba ne ga wanda ya manyanta. Na yi wayo lokacin da gyaɗa ce kan gaba a kayan da Nijar ke fitarwa, Magarya kuma cibiyarta. Kamfanin SONARA na saye, masana'antar mai ta SEPANI na aiki a cikin garin nan, buhuna na bi ta Kano su hau jirgin ƙasa zuwa Legas. A lokacin gwamnati ta san nauyin kowane buhu, don da shi take biyan albashi. Fari da cutar gyaɗa na tsakiyar shekarun 1970 suka karya noman, uraniyum ya taso, idon hukuma ya koma Arlit. Daga ranar aka daina auna mu. Yau idon ya tashi daga Arlit ya koma Agadem, mu dai muna nan inda aka bar mu. Hatta layin dogon da Najeriya ke ginawa daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina, Maraɗi ya nufa. Mu sai dai mu ji kukan jirgi daga nesa.

Da a ce mantuwar ce kaɗai, da da sauƙi, mun saba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hani. A watan Oktoban 2024 aka hana fitar da hatsi da wake zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. A watan Mayun 2025, gab da babbar Salla, aka hana fitar da bisashe. Niyyar na fahimce ta, ana so talakan birni ya sami tiya da ragon layya da rahusa, kuma shekarar da aka yi ambaliya ba wanda zai so hatsi ya tsere. Gero da dawa ban yi musu ba, abincinmu ne. Amma wake a nan ba don tukunya kaɗai ake shuka shi ba, shi ne kuɗin manomi: da shi yake biyan bashi, ya yi wa 'ya aure, ya sayi geron da zai kai shi damina. Matar da ta yi wata shida tana turke rago da dussa da harawa, mai sayen Kano take jira. A ce mata ta kai Bamako? Daga Dogo-Dogo?

Kuma hanin bai hana ba. Iyakar nan ba kogi ba dutse, gona ce ke manne da gona, kaka ɗaya ya haifi na wannan gefe da na wancan. Mun gani a 2019 da Shugaba Buhari ya rufe nasa ɓangaren har zuwa Disamban 2020, mun sake gani daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Kaya ba su daina wucewa ba, sai dai su bar kwalta su bi daji da dare, kuɗin hanya ya ninka, a cire shi daga farashin da ake ba manomi. Na taɓa raka mota ɗaya ta riɗi da takardunta cikakku. Tsayawar da muka yi da abin da muka miƙa ba tare da rasit ba, in na rubuta za a ce sharri ne. Wanda ya bi daji a ranar ya riga mu isa, kuma bai kashe abin da muka kashe ba. Kowane hani yana ƙara korar ciniki daga gaban duwan, littafi ya ƙara makancewa, sannan a sake duba makahon littafin a yanke sabon hukunci.

Ba na cewa a buɗe komai a bar shi sakaka. Ina cewa a fara da ƙidaya. Hukumar ƙididdiga ta INS ta zaunar da matasa a manyan kasuwannin Magarya da Dungas da mashigan iyaka shekara guda cur, ba don karɓar haraji ba, don su rubuta buhu nawa da kai nawa ke fita, me ke shigowa, a kan wane canji. Yaran da suka gama jami'ar Damagaram suna zaune ba aiki, za su iya. A mayar da kuɗin fito ɗaya tak, ƙarami, da rasit, a liƙa shi a allo da Hausa yadda mai jaki ma zai san abin da zai biya. In kuma dole ne a hana fitar da wani abu, a faɗa tun kafin shuka, a faɗi ranar ɗagewa, kada mutum ya zuba ƙarfinsa a gona sannan ya ji sanarwa ana cikin sussuka. Daga kuɗin man nan da ake magana, a kafa mana ko da injin tankaɗe riɗi ne da ma'auni na gaskiya a Magarya, yadda mai saye daga waje zai zo nan ya biya da kuɗin da zai shiga bankinmu. Waɗanda suka matse man gyaɗa a garin nan shekara hamsin da suka wuce, jikokinsu ba za su kasa tankaɗe riɗi ba.

Ƙanena ya ce in ƙara da cewa riɗin bana ya fara shigowa, kuma masu awo daga Dawanau sun riga sun aiko da buhunansu.



Naku,
Tsohon malamin lakkol,
Magarya, jihar Damagaram.