Akantan da bai taɓa riƙe bindiga ba

Tambayi duk wanda ya kalli Happy Valley, wasan kwaikwayon nan mai dogon zango na gidan talabijin na BBC, wane ne mugun cikin shirin, ba zai ɓata lokaci ba zai ce maka Tommy Lee Royce. Kuma bai yi ƙarya ba. Tommy ya yi fyaɗe, ya yi kisa, ya banke wata matashiyar 'yar sanda da mota, sannan ya sake bi ta kanta don ya tabbatar ba za ta tashi ba. Amma ni wanda ya fi tsaya mini a rai wani akanta ne mai tabarau, mai mata da 'ya'ya mata biyu, mutumin da ko kaza aka ba shi ba zai iya yankawa ba. Sunansa Kevin Weatherill.

Wata marubuciya mai suna Sally Wainwright ce ta tsara shirin. An fara nuna shi a 2014, aka yi zango na biyu a 2016, na uku kuma sai a farkon 2023, kowane zango kashi shida. Labarin yana faruwa ne a kwarin kogin Calder da ke yammacin Yorkshire, a arewacin Ingila, inda ƙananan garuruwa irin su Hebden Bridge da Sowerby Bridge suke maƙale a gindin tsaunuka, gonakin tumaki na bisa kansu. Da can ƙasar masaƙu ce. A Halifax akwai katafariyar masana'antar darduma ta Dean Clough wadda ta ci da dubban gidaje kafin a rufe ta a 1982. Masaƙu suka mutu, aiki ya tafi, ƙwaya ta shigo. A 2009 wani ɗan garin Hebden Bridge, Jez Lewis, ya yi fim na gaskiya a kan abokan ƙuruciyarsa da shaye-shaye da kisan kai suke ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan fim na cikin abubuwan da suka zaburar da Wainwright. To a wannan ƙasa ce Saje Catherine Cawood, wadda Sarah Lancashire ta fito a matsayinta, take aikin 'yan sanda, tana riƙon jikanta Ryan, tana zaune da ƙanwarta Clare wadda ke fama da barin giya da ƙwaya.

Mu koma kan Kevin. Ya je wurin maigidansa, Nevison Gallagher, mai kamfanin da yake wa lissafi, ya nemi ƙarin albashi don ya sa 'yarsa a makarantar kuɗi. Nevison ya ƙi. Buƙatar Kevin ba ta banza ba ce: matarsa na fama da ciwon da ya zaunar da ita a keken guragu, yarinyar kuma tana da ƙoƙari. Sai dai akwai tsohon miki a zuciyarsa, don ya yi imani da cewa mahaifinsa na da haƙƙi a kamfanin aka danne. Da wannan ƙullin ya je hutun ƙarshen mako a gonar wani Ashley Cowgill, inda wani buhun yashi ya fashe a gabansa, ƙunshin tabar wiwi ya bayyana. Mutumin kirki zai kama bakinsa ya bar wurin, ko ya nufi ofishin 'yan sanda. Kevin kuwa sai ya ba Ashley shawara: maigidana na da kuɗi, yana da 'ya ɗaya, Ann, ku ɗauke ta, zai biya.

Abin da marubuciyar ta yi bayan nan shi ne ya sa nake ganin ta san halin ɗan Adam. Kafin a ɗauke yarinyar, Nevison ya kira Kevin ya ce ya sake tunani, zai biya kuɗin makarantar. Ashe matarsa Helen ciwon daji ya kama ta, kuma ita da Ann ɗin ne suka sa baki. Kevin ya ruɗe, ya kira Ashley ya ce a fasa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ya je har ofishin 'yan sanda, ya tsaya gaban Catherine yana inda-inda, gumi na keto masa, tana ba shi baya ya sulale. A wannan tsayuwar ta 'yan mintoci, kalma biyar daga bakinsa da ta ceci Ann daga fyaɗe, ta ceci ran Kirsten, 'yar sandan nan da Tommy ya banke, ta hana a yi wa Catherine dukan da ya kai ga cire mata saifa. Bai faɗa ba, don yana tsoron kurkuku. Daga baya shi Nevison ya amince wa ya kai kuɗin fansa, kuma bai fasa karɓar kasonsa ba. Da asiri ya tonu, Nevison ya ziyarce shi a gidan yari, sai ga Kevin yana ɗora masa laifi: ai da ka ba ni ƙarin nan tun farko, da duk wannan bai faru ba.

Wainwright ba ta bar irin wannan mutum a zango ɗaya ba. A na biyu ga John Wadsworth, ɗan sandan ciki, magidanci, wanda ya shaƙe farkarsa don ta yi barazanar tona shi, sannan aka sa shi cikin masu binciken gawar da ya kashe da hannunsa. A na uku ga Faisal Bhatti, mai kantin magani, yana sayar wa wata matar aure, Joanna, ƙwayar sa barci ta bayan fage, ita kuwa tana sha ne don ta jure dukan mijinta, malamin wasanni a makaranta. Dukansu masu aiki ne, masu iyali, waɗanda maƙwabta za su yi wa shaidar arziki. Kowannensu kuma yana da labarin da yake ba kansa, cewa shi ne aka zalunta, shi ne aka matsa wa, ba yadda zai yi.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tommy, wanda Ashley ya sa ya ɗauke Ann, ya fito daga kurkuku yana neman ɓarna, amma bai san Ann ba, bai san motar da take hawa ba, bai san nawa ubanta ya mallaka ba. Wanda ke cin albashin gidan ne ya kai wannan bayani. Mai karatu daga Zamfara ko Katsina ko kudancin Maraɗi ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Duk garin da masu garkuwa suka addaba, za ka ji mutane na cewa infoma ya fi ɗan bindiga haɗari, don shi ne ya san wanda ya sayar da shanu jiya, ya san ɗakin da amarya take kwana. Kuma ina kyautata zaton da za a zauna da infoma, abin da zai faɗa ba zai yi nisa da na Kevin ba: an raina ni, an hana ni, ni ban taɓa kowa ba.

Akwai masu cewa irin wannan shiri bai dace ba, kuma ba a wajenmu kaɗai ba. Tun a 2014 wasu jaridun Birtaniya suka yi ƙorafi a kan dukan da aka nuna ana yi wa mata a ciki. Ban raina wannan damuwa ba. Shirin na da ashar, da shan giya, da jini, kuma ba abin da za a kunna a falo yara na zaune ba ne. Amma ban yarda cewa ɓoye mugunta shi ne tarbiyya ba. Fim ɗin da ke lalata mutum shi ne wanda ke nuna mai laifi cikin ado da mota, a kashe mutum goma a wuce kamar an kashe sauro, ba uwa, ba makoki. A Happy Valley kowace gawa tana da gida. Ana nuna wanda zai je ya buga ƙofa ya kai labarin mutuwa, ana nuna Ann bayan an cece ta tana shan giya har ta faɗi, ana nuna yadda mutuwar Becky, 'yar Catherine da ta rataye kanta bayan ta haifi Ryan, ta kashe auren iyayenta ta raba uwa da ɗanta namiji. Shekaru na wucewa, Catherine na hawa maƙabartar Heptonstall tana tsayawa a kan kabarin.

Sannan ga Ryan, wanda Catherine ta yi imani da cewa fyaɗen Tommy ne ya kawo shi duniya. Kakansa ya ƙi kallonsa, kawunsa ya tsane shi, ita kanta Catherine takan dube shi in ya yi fushi, gabanta ya faɗi, tana neman uban a fuskar ɗan. Amma ta riƙe shi. Mu da muka san sunan da ake kiran irin wannan yaro a unguwa, da yadda ake hana shi aure bayan shekara ashirin saboda laifin da bai san an yi ba, ya kamata wannan ya tsaya mana a wuya, tunda addininmu ya riga ya gaya mana babu ran da ke ɗaukar nauyin wani. Wainwright ta ƙi sauya ɗan wasa, ta jira Rhys Connah, yaron da ya fara fitowa a matsayin Ryan, ya girma, shi ya sa zango na uku ya yi jinkirin kusan shekara bakwai. A ciki Ryan ɗan shekara 16 ya riƙa zuwa gidan yari a ɓoye yana ganin uban, Clare ce ma ke kai shi, abin da ya kusa raba 'yan uwan biyu har abada. Ya gani da idonsa, ya auna, ya zaɓi kakarsa.

Shirin ya ci lambar BAFTA ta wasan kwaikwayo mafi kyau a 2015 da 2017, kuma ya cancanta. Amma ina da ƙorafi ɗaya a kan ƙarshensa. Kashin ƙarshe, na 5 ga Fabrairun 2023, ya ba Tommy dogon zama a teburin kicin ɗin Catherine, ya yi magana, ya kare kansa, ya cinna wa kansa wuta. An gina wurin da kyau, ba musu. Faisal kuwa, wanda ya rotsa kan Joanna da katakon murza fulawa ya cusa gawarta a akwati, ya bar yara mata biyu babu uwa, sai aka sallame shi da 'yan kalmomi: Catherine, a ranar da take ajiye aiki, ta tsegunta wa shugaban masu bincike inda zai duba. Ba a nuna mana ranar da aka shiga kantinsa aka sa masa ankwa a gaban masu sayen magani ba, ba a kuma nuna fuskar matarsa sa'ad da ta ji ba. Marubuciyar da ta ba Kevin damar zama a gaban Nevison ya faɗi uzurinsa har mu ji ƙyamarsa, ta hana mu jin na Faisal, alhali irinsa ne za mu haɗu da shi gobe in mun je sayen maganin tari.