A Buɗe Wa Masu Neman Sana'a Ƙofar Kwalejojin Bauchi

Jama'a, 'yan'uwana 'yan Arewa mazauna Kudu, yau ina so mu tattauna a kan wata magana wadda ta shafi kowannenmu, ko yana Agege, ko Idi-Araba, ko unguwar Sabo ta Badun, ko Fatakwal. Maganar kuwa ita ce, me ya sa samarinmu ke ta kwararowa Kudu ba su da wata sana'a a hannu, alhali kuwa a garuruwan da suka baro akwai manyan makarantun da aka gina musamman domin koyar da aikin hannu? Zan ɗauki birnin Bauchi in yi misali da shi, domin ciwon da ke can shi ne ke Kano da Katsina da Sakkwato.

In dai makarantu ne, Bauchi ba ta da abin kuka. An ƙirƙiro jihar a 1976. A 1979 Gwamnatin Tarayya ta kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha, wadda ke Gwallameji a kan hanyar Dass. A 1980 aka kafa jami'ar fasaha wadda yanzu ake kira Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1988 ita ma gwamnatin jiha ta kafa tata kwalejin fasaha, wadda ke Wuntin Dada a kan hanyar Jos, mai ɗauke da sunan marigayi Alhaji Abubakar Tatari Ali, gwamnan farar hula na farko a jihar. Ga kuma Kwalejin Aikin Gona a Yalwa, ga ta koyon aikin jinya. Duk waɗannan a gari ɗaya suke.

Waɗanda suka tsara wannan abu sun san abin da suke yi. A ƙarshen shekarun 1970 ɗin ne aka buɗe kamfanin Steyr a Bauchi, tare da Turawan Ostiriya, domin harhaɗa taraktoci da manyan motoci. Tun kafin nan akwai kamfanin sarrafa nama, kuma jirgin ƙasa na ratsa garin. Watau nufinsu shi ne kwaleji ta horar da yaro, masana'anta ta ɗauke shi aiki, manomi ya sami tarakta da wanda zai gyara masa ita, kuɗi su riƙa zagayawa a cikin gida.

To, ina gizo ke saƙar? Abu biyu ne suka faru. Na farko kowa ya san shi, masana'antun nan sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Na biyun shi ne ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ya kawo ni: ƙofar shiga kwalejojin ta yi wa ɗan talaka ƙunci. Kafin yaro ya shiga karatun difloma sai ya kawo kiredit na jarrabawar gama sakandare, sannan ya ci jarrabawar JAMB. Wanda ya tsaya a firamare, ko ya yi karatun allo kaɗai, ko ya shekara goma a garejin makanikai a bayan kasuwar Muda Lawal, ba shi da hanyar shiga, ko da kuwa ya fi kowa sanin injin.

Su kuma waɗanda suka sami shiga, da yawansu ofis suke hange. Ba laifinsu ba ne kacokan, domin ƙasar nan ta daɗe tana fifita mai digirin jami'a a kan mai babbar difloma wajen albashi da ƙarin girma. Don haka sai ka ga yaro ya guje wa aikin injiniya da na gona, ya nufi fannin mulki ko na akanta, ya gama ya shiga layin neman aikin gwamnati wanda ba ya isar kowa. Mai takarda yana zaune ba aiki, mai aiki kuma ba shi da takarda.

Mu da ke nan Kudu mun fi kowa ganin sakamakon. Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere. Dubi yadda 'yan'uwanmu suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, domin in an raba mutum da babur ba shi da wani abin yi sai dako ko gadi. A daidai wannan lokaci kuma ana gina matatar man Ɗangote a Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2023, inda sai da aka ɗauko gwanayen aiki masu yawa daga ƙasashen waje irin su Indiya. Je ka wurin gine-gine a Ikko ko Abuja ka tambayi masu sa tayil daga ina suke, sau da yawa za ka ji Togo ko Jamhuriyar Benin. Aiki yana nan, hannun da ya iya shi ne ya yi ƙaranci.

Bari mu leƙa Amurka mu ga yadda suka yi. Suna da wasu kwalejoji na shekara biyu waɗanda suke kira kwalejojin al'umma. Wadda ake ɗauka ta fi daɗewa cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet a Jihar Ilinoi, wadda aka buɗe a 1901, kuma yau suna da wajen dubu. Abin da ya bambanta su shi ne ƙofarsu a buɗe take, kuɗinsu da sauƙi, ana karatu da yamma domin masu aiki da rana, kuma sukan zauna da masu kamfanonin yankinsu su ji irin ma'aikatan da ake bukata kafin su tsara darasi. Ba mu ce a kwaso komai nasu ba. Amma waɗannan abubuwa huɗu babu wanda ya fi ƙarfin Bauchi.

Saboda haka ga kiran da nake yi ga hukumomin kwalejojin nan da gwamnatin jiha. Da farko a buɗe gajerun kwasa-kwasai na wata uku zuwa shida, da yamma ko ƙarshen mako, a koyar da Hausa, ba tare da an nemi JAMB ba. Na san akwai sassan koyar da sana'a a cikin kwalejojin, amma galibi ɗaliban da suka riga suka shiga ne ke cin moriyarsu. A faɗaɗa su har su kai ga yaron gareji da almajirin da ya girma.

Na biyu, a zaɓi sana'o'in da ƙasar Bauchi ke nema da gaske. Jiha ce ta noma da kiwo, don haka tana bukatar masu gyaran tarakta da injin ban-ruwa da injin casar shinkafa, da masu haɗa wutar sola da gyaran firji, da masu kula da lafiyar dabbobi. Mu ne shaida cewa shanunmu a tsaye suke zuwa mayankar Oko-Oba a cikin tirela, riɗinmu kuma ɗanye yake bi ta tashar jiragen ruwa ta Apapa. Ribar yanka da sanyaya nama da tace riɗi duk a hannun wasu take faɗawa. Ga Yankari na bukatar masu dafa abinci da kula da baƙi. Ga man fetur na Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, wanda aka ƙaddamar da aikin haƙarsa a watan Nuwamba 2022. Ko yaushe aikin ya kankama, masu walda da haɗa bututu za a nema, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, a gwada tsofaffin hannu a ba su takardar shaida. Hukumar kula da ilmin fasaha ta ƙasa, watau NBTE, wadda aka kafa a 1977 take kuma Kaduna, tana da tsarin auna gwanintar mutum a bakin aikinsa a ba shi shaida, kuma an soma gwada irin wannan da masu ƙere-ƙere na kasuwar Panteka a Kaduna. Abin da ya yiwu a Panteka zai yiwu a Wunti. Bugu da ƙari a ba shugabannin ƙungiyoyin makanikai da kafintoci da masu walda kujera a wurin tsara darussa.

Wani zai ce, ina amfanin horar da mutane alhali babu masana'antu, wutar lantarki ma ba ta tsayawa? Gaskiya ne, kwaleji ita kaɗai ba za ta tayar da Steyr ba. Amma duk mai kuɗin da zai kafa masana'anta yakan tambayi ko akwai ma'aikata a wurin. Sannan ko da yaron ya ƙare ya taho Kudu, wanda ya sauka a Ikko da shaidar walda a aljihu ba ɗaya yake da wanda ya sauka da buhun kayansa kaɗai ba.

Saura mu kanmu. Yawancinmu in mun tara ɗan abin da muka tara, babur muke saya wa ƙane, ko mu aika masa kuɗin mota ya biyo sawunmu. Ina roƙon mu sake tunani. Kuɗin babur ɗaya sun isa su riƙe yaro ya koyi sana'a har ya sayi kayan aikin farko. Ƙungiyoyinmu na 'yan jiha, da na masu shanu da masu kayan gwari, da sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, suna iya haɗa asusu su ɗauki nauyin yara kowace shekara, su kuma rubuta wa kwalejojin nan takarda su nemi a buɗe irin waɗannan kwasa-kwasai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da kuɗin jama'a aka gina Gwallameji da Wuntin Dada, don haka ɗan mai dako yana da haƙƙi a cikinsu kamar ɗan kowa.

Allah Ya sa masu abin su ji, mu kuma Ya ba mu ikon yin namu. Amin.