Sharhi: Abin da ke raya gidan zane-zane a ƙaramin gari

A watan Nuwamban 2025 masu zanga-zanga sun kutsa harabar sabon gidan adana fasahar Afirka ta Yamma da ake kira MOWAA a birnin Benin, daidai lokacin da ake zagayawa da baƙi daga ƙasashen waje. Hakan ya sa aka ɗage bikin buɗe shi.

An kashe miliyoyin daloli a kan ginin. Sai dai masu zanga-zangar na ganin an yi aikin ne ba tare da an bai wa fadar Oba na Benin matsayin da ya dace da ita ba, yayin da masu gidan ke cewa cibiya ce mai zaman kanta.

Ko ma wa ke da gaskiya, rikicin ya taso da wata tsohuwar tambaya: gidan baje kolin zane-zane na wane ne, baƙin da ke zuwa kallo ko mutanen garin da aka gina shi a cikinsu?

A jihar Delta mai maƙwabtaka da Edo akwai wani ƙaramin gari da ya daɗe yana amsa wannan tambaya a aikace.

Bitar hunturu a Agbarha-Otor

Agbarha-Otor na ƙaramar hukumar Ughelli ta Arewa. Nan ce mahaifar Bruce Onobrakpeya, fitaccen mai zane da aka haifa a 1932, wanda ya yi karatu a kwalejin Zariya da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, waɗanda suka dage cewa sai an haɗa dabarun Turawa da al'adun gida.

A 1998 ya fara shirya taron bita na shekara-shekara a garinsu, wanda aka sa wa suna Harmattan Workshop, wato bitar hunturu. Cibiyar da ake yin ta na da zauren baje koli da wuraren aiki da masauki.

Malaman jami'a da ɗalibai da masu sana'ar hannu da mutanen gari duk wuri ɗaya suke zama. Ana koyar da buga zane, sassaƙar dutse da ta itace, rini, ginin tukwane da aikin duwatsun ado. Ba a tambayar mutum takardar shaida kafin a miƙa masa kayan aiki.

Wannan ne ya bambanta wurin da manyan gidajen zane na Legas. A can, ɗan unguwa kan tsaya a bakin ƙofa yana leƙe. A nan kuwa da shi ake yin abin da za a rataye a bango.

Daga ina dabarar ta samo asali?

Onobrakpeya da kansa ya halarci irin wannan bita a shekarun 1960. A 1962 marubucin wasan kwaikwayo Duro Ladipo da Bajamushe Ulli Beier suka buɗe cibiyar Mbari Mbayo a Osogbo.

A bitar da Georgina Beier ta jagoranta a 1964, matasan da ba su taɓa shiga ajin zane ba aka tara. Jimoh Buraimoh mai gyaran wutar lantarki ne, Twins Seven-Seven kuma ɗan rawa. Dukkansu sun zama sanannu a duniya.

Nike Davies-Okundaye ta ɗora daga nan. A 1983 ta buɗe cibiya a Osogbo inda ake koyar da rinin adire kyauta, wato zana yadi da kullun rogo kafin a tsoma shi a baba. Daga baya ta buɗe wata a mahaifarta Ogidi da ke jihar Kogi, inda mata ke saƙar gargajiya.

Tsarin nata a fili yake. Babban gidanta na Legas, wanda aka buɗe a 2009, shi ne kasuwa. Ƙananan cibiyoyin su ne makaranta. Kuɗin da birni ya kawo ne ke riƙe aikin ƙauye.

Me ya sa shirin al'umma ya zama dole?

Dalili na farko shi ne lissafi. Ƙaramin gari ba shi da attajiran da za su riƙa sayen zane, kuma 'yan yawon buɗe ido ba kullum suke zuwa ba. Gidan da ya dogara da kuɗin shiga kaɗai, rufewa zai yi.

Na biyu shi ne amfani. Magidancin da ke fama da tsadar abinci ba zai damu da hoton da ke bango ba. Amma idan 'yarsa ta koyi rini har tana sayarwa, shi ne zai fara tsayawa idan aka ce za a taɓa wurin.

Na uku shi ne amana. Wurin da yaran makaranta ke shiga, mata ke aiki, masu unguwanni suka san abin da ake yi, da wuya a yi masa kallon kayan baƙi.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Horon mako biyu ba ya mayar da mutum gwani. Wanda aka koya wa sana'a aka sallame shi babu jari, babu kayan aiki, babu mai saye, yakan koma inda ya fito. Shi ya sa bai kamata a auna nasarar irin waɗannan shirye-shirye da yawan waɗanda suka halarta ba. Abin dubawa shi ne mutum nawa ke ci gaba da aikin bayan shekara biyu.

Gargaɗi daga Suleja

Arewa ma ta taɓa ganin irin wannan. A farkon shekarun 1950 Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja.

A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya fara ganin tukwanen Ladi Kwali. Ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta riƙe salonta na Gwari, da zanen ƙadangaru da kifaye da kunamu, ta haɗa da sabuwar dabarar gasawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Ta rasu a 1984. Cibiyar da ke ɗauke da sunanta ta shafe shekaru cikin lalacewa a hannun gwamnati. Suna ya rage, amma layin masu koyo ya tsinke.

Wannan ita ce barazanar da ke gaban Agbarha-Otor da Ogidi. Onobrakpeya ya haura shekara 90, Nike ta haura 70. Duka cibiyoyin biyu sun tsaya ne a kan suna da aljihun waɗanda suka kafa su. Idan ba a samar da asusu mai ɗorewa da magada da aka horar ba, ranar da babu su za a sha wuya.

Mene ne abin ɗauka?

A garuruwan Arewa da dama mutane na ɗari-ɗari da zanen mai rai saboda dalilin addini. Duk wanda zai buɗe gidan zane a irin wannan wuri ya yi watsi da hakan, shi da 'yan kallonsa za su zauna su kaɗai.

Amma fasaha ba ta tsaya ga hoton mutum ba. Akwai zayyanar allo, zanen bangon soro, ɗinkin hula, dukanci, sassaƙar ƙwarya da rini irin na Ƙofar Mata. Masu waɗannan sana'o'i na nan a raye, da yawansu sun tsufa babu mai gado.

Ƙaramar hukuma ko attajirin da ke son yin wani abu ba sai ya fara da katafaren gini ba. Ɗaki biyu, gwanaye uku da ake biya alawus, ranar ziyarar 'yan makaranta, da hanyar kai kaya kasuwa sun isa a fara. A kuma zauna da masu gari tun kafin a aza tubali, don abin da aka yi da mutane shi suke tsarewa.