Kada Dattawanmu Su Zuba Garatuti A Na'urar Neman Zinari



Wani bidiyo yana ta yawo a wayoyinmu: tsohon Bature riƙe da na'ura mai kama da sandar makiyayi, yana laluben ƙarfe a gona. Har wasu sun fara kawo shawara wai iyayenmu da suka yi ritaya su ma su sayi irinta, ga motsa jiki ga arziki. Ni dai ban yarda ba, kuma ina roƙon ƙungiyarmu kada ta sa hannu a ciki.

Gaskiya ne a Ingila nishaɗi ne. A 1992 wani dattijo, Eric Lawes, ya je neman gudumar abokinsa da ta ɓace a ƙauyen Hoxne, ya faɗa kan dukiyar Rumawa. To amma can akwai dokar 1996 da ta tsara yadda ake kai rahoto, gidan tarihi ya biya, a raba tsakanin wanda ya tsinta da mai gona. Kuma ba wanda zai tare shi da bindiga a hanyar gida.

A nan fa? Tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ko da a gonar gadonka yake. Ba lasisi, ba tono. In kuma kayan tarihi ne, doka ta ce a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ba a sayar wa dillali ba. Wato Baba zai fita shan iska ya dawo mai laifi.

Na'urar kanta ma masu talla ba sa faɗin gaskiyarta. Ƙaramin gutsuren zinari sai yana kusa da saman ƙasa take jin sa. Marmara irin tamu cike take da sinadarin ƙarfe, sai ta yi ta kuka a banza, ka tona ka samu ƙusa ko murfin kwalba. Yawancin zinarin da ake haƙa a yankinmu gari ne a cikin dutse, sai an fasa an niƙa an wanke. Wanda ya ce maka tasa tana hango zinari daga nisan kilomita, kuɗinka yake hangowa.

Niƙan nan kuwa mun san abin da ya jawo. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen a cikin gidaje. A 2015 ta zo jiharmu, yara 28 suka rasu a yankin Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi. A Yunin 2024 rami ya rufta da masu haƙa a Galkogo ta Shiroro. Dattijon da ya ga ƙyalli sau ɗaya ba zai iya tonon da kansa ba. Jikokinsa zai tura.

Sannan mu daina yi kamar ba mu san halin dajinmu ba. Daga Tungan Magajiya zuwa Rijau, daga Mariga zuwa Kwantagora, noma ma da addu'a ake zuwa. A ji labari a kasuwa cewa wane yana da injin zinari, ko bai samu ko ƙwaya ba, ya zama abin nema, kuma mu za a zo a tara wa kuɗin fansa.

In motsa jiki ake so, ga tafiyar safe, ga lambu a bayan gida, ga kiwon tumaki. In tarihi ake so, yana cikin kawunansu: yadda aka kafa asibitin garin nan, da wanda ya fara karatu a ina. Mu ba matasa biyu waya mai kyau su bi su gida-gida suna naɗa. Wannan shawara zan gabatar a taronmu na gaba, kuma duk mai ra'ayin na'ura ya zo da lasisinsa mu gani.

Sakataren Ƙungiya